Yadda Ah Bik Ta Saka Ni a Gidana, Ta Kuma Fitar da Ni

Ƙanwar matata, Tong Bik-wan, wadda kowa ke kira Ah Bik, sau biyu ta shigo gidanmu na unguwar Sai Ying Pun da tef ɗin awo a hannu. Zuwan farko ni ta auna, ta gyara gidan ya yi daidai da ni. Zuwa na biyu, bayan shekara talatin da 'yan kai, gidan ta auna, ta ce ni ne na yi masa yawa.

A Shek Kip Mei aka haife su, ita da matata Suk-han, a benayen da aka gina wa waɗanda gobara ta cinye wa bukkoki. Su bakwai ne a ɗaki ɗaya. Ah Bik takan ce a can ta koyi sana'arta, don wanda ya girma yana kwana a kan teburin cin abinci ba ya raina inci ɗaya. Tana ƙarama ta bar makaranta ta shiga ɗinkin wanduna a wata masana'anta a San Po Kong. Daga wanduna ta koma ɗinkin labule a wani shago. Mai shagon ya lura cewa in ya aike ta ta auno taga, sai ta dawo da labarin gidan gaba ɗaya: wa ke minshari, wa ke girki, wace suruka ce ba ta ga maciji da wace. Masu gidaje suka fara tambayarta inda ya kamata su sa kujera. A hankali ta samu kafinta ɗaya da mai fenti ɗaya, ta zama mai jere. Aure ɗaya ta yi, da wani direban ƙaramar bas wanda bai yi tsawon rai ba. Ba ta sake ba. Gajeriya ce, mai faɗi, in tana yi maka magana a kusa sai ka ce wani take kira daga ƙetaren titi.

Ni sunana Pun Yiu-tong, amma limaman mishan da suka rene ni tun ina ɗan ƙanƙane sun sa mini Barnaba. A ɗakin kwanan makarantarsu na girma, a nan na yi karatu, a nan kuma na koyar da lissafi har na yi ritaya. Sun koya mini kyakkyawan rubutu, da zuwa a kan lokaci, da faɗin gaskiya in an tambaye ni. Daga baya ni na ƙara wa kaina cewa ko ba a tambaye ni ba sai na faɗa. Abu ɗaya ne ba su iya yi mini ba, shi ne gado. Tsawona ƙafa shida da inci biyu, abin da ba a saba gani ba a garin nan, saboda haka tun ina saurayi dugadugaina a iska suke kwana.

Da muka sayi gidan, a hawa na shida na wani tsohon bene marar lif, Ah Bik ta hau ta zauna a kan akwati ta ce a dafa mata shayi. Ranar ko bango ba ta taɓa ba. Tambaya kawai take yi.

"Mijin Yaya, ta wane gefe kake saukowa daga gado?"

"Me ya haɗa wannan da fenti?" na ce.

"Ba ajinka muke ba. Ni ke tambaya yau."

Ta tambayi inda nake karatu, da hannun da Suk-han ke riƙe wuƙa da shi, da wanda ke fara tashi da safe a cikinmu. Can sai ta ce in kwanta a ƙasa. Na kwanta a kan siminti da kwat ɗina, ta ja tef daga kaina zuwa ƙafata, ta dubi lambar, ta dubi yayarta.

"Yaya, wannan miji kika aura ko gora? Da kin faɗa mana tun farko ai da mun daina sayen sandar shanya."

A cikin ɗakin kafinta ya haɗa gadon, don ba zai shiga ta ƙofa ba. Daga bango zuwa bango ya tafi, ƙafa shida da inci shida. Ina da shekara arba'in na fara jin katifa a ƙarƙashin dugadugaina, na kwanta ina motsa yatsun ƙafa kamar jariri. Ta saukar da teburin girki ya yi daidai da ƙugun Suk-han. Ni kuma na ce a shafa wa bango kore, domin Fada Anselmo, limamin da ya koya mana lissafi, yakan ce kore na hutar da ido. Ah Bik ta ce launin da na zaɓa na ruwan kududdufi ne, amma ta sa aka shafa.

"Kai za ka zauna a ciki, ba ni ba," in ji ta.

Haka ta ce da na nemi kantocin littattafai har rufi, waɗanda suka toshe rabin tagar falo. Haka ta ce da na kawo tsohuwar ogan ta majami'ar makaranta, abin kiɗan nan irin wadda ake taka wa iska da ƙafa. Wanda duk ya shigo gidan nan ya san na waye tun kafin ya gan ni, kuma ina alfahari da hakan.

Shekaru suka wuce. Aka shiga lokacin da mutane ke barin gari, masu sayar da gida suka fi masu saye yawa. Ah Bik ta ga masu son a yi musu jere sun ragu, masu son a raba su da gida sun ƙaru, sai ta juya sana'ar. Ta kama sito a Kwai Chung ta cika shi da fararen kujeru, da madubai, da furannin roba. In dillali ya kasa sayar da gida sai ya kira ta, ta kwashe kayan masu gidan ta jera nata, in an sayar ta kwashe ta kai wani gidan. Kujera ɗaya takan zauna a falo goma a shekara, ba wanda ya taɓa yin gyangyaɗi a kanta. A wajen cin abincin sabuwar shekara na taɓa ce mata wannan ba sana'a ba ce, wasan kwaikwayo ne. Ta ce to, 'yan kallo dai suna biya, ta ɗebe cinyar kazar da na sa wa ido.

Sai Suk-han ta zame a kasuwar kifi, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki, likita ya ce ita da hawa na shida sun yi sallama. Daga asibiti 'yarmu Hoi-lam ta wuce da ita gidanta a Tseung Kwan O, inda akwai lif amma babu wuri: ɗaki biyu ne, ga miji, ga yara biyu. Ni na zauna a Sai Ying Pun ni kaɗai. Lissafin ba shi da wuya. Sai mun sayar da wannan za mu sayi ƙaramin gida mai lif, sai mun saya za mu koma kwana ƙarƙashin rufi ɗaya.

Suk-han ta ce in kira Ah Bik. Na ce gidan da aka tsara da ilimi ba ya bukatar furen roba.

Dillalinmu wani mai haƙuri ne, Mista Lok. Ya riƙa kawo mutane, ni kuma ina zagayawa da su. Nakan fara daga tarihin titin, in bi ta kan Fada Anselmo da amfanin kore, in ƙare da taka musu ogan kaɗan. Suna godiya ƙwarai, ba sa dawowa. Wata mata ta tsaya a ƙofar ɗakin kwana ta tambaya ko ɗakin na bayan gadon ne. Da damina ta yi nisa Mista Lok ya roƙe ni abu biyu, in ɗan ƙawata falon, sannan in zauna a kicin in an zo.

Na ɗauki na farkon da muhimmanci. Ina da wani hoto da aka ɗauke ni ranar ritaya, baƙi da fari, don na gaya wa mai hoton launi na 'yan wasa ne. Fuskata a ɗaure, firam ɗin baƙi. Na goge shi na ɗora a kan ogan, tsakanin mazaunan kyandir biyu na tagulla da suka zo tare da ita. Na sayo fararen furanni, irin waɗanda muke jerawa a majami'ar makaranta ranar Asabar da yamma, na sa a gefe. Na tuna an ce 'ya'yan itace na sa gida ya yi kama da na masu rai, sai na tara lemo a faranti na ajiye a gaban hoton. Da yake ranar akwai hadari falon ya yi duhu, na kunna kyandirorin. Na ja da baya na duba, na ga ban taɓa yin abu mai tsari irin wannan ba. Duk yaron da ya tashi a gidan iyayensa a garin nan ya san me ake kira hoto baƙi da fari da lemo a gabansa. Ni a wurin limamai na tashi.

Wata mata ce ta zo da tsohuwar uwarta. Ina kicin da farar singileti da farin wando saboda zafi, ina leƙe ta labule. Tsohuwar ta shigo tana haki, ta ga ogan, ta tsaya cik. Ta haɗa hannu ta sunkuya wa hotona sau uku. Na ji daɗi, na ce har yanzu akwai masu girmama malamai.

"A cikin gidan ya rasu?" ta tambayi Mista Lok a hankali.

Mista Lok, wanda shi ma a lokacin ya fara ganin jeren, ya rikice. Ya ce benen dai mai ƙwari ne, tun shekarar sittin da biyar aka gina shi.

Wannan kuwa ba daidai ba ne. Na yaye labule na fito.

"Sittin da uku," na ce.

Tsohuwar ta dubi hoton, ta dube ni, sannan ta dubi ƙafafuna ta ga ko suna taɓa ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Ta kama hannun 'yarta, matakalar da ta hau da hutu iri iri ta sauke ta ba tare da ta tsaya ba.

Labari ya zaga shagunan dillalai. A garin nan gidan da aka ce an yi mummunar mutuwa a ciki ba ya sayuwa, balle wanda mamacinsa ke fitowa yana gyara wa mutane shekara. Mista Lok ya daina kawo kowa. Suk-han ta daina neman shawarata, ta kira ƙanwarta da kanta.

Ah Bik ta hau bene tana zagin kowace matakala. Furannin sun fara yaushi amma ban kwashe ba, ina jiran wanda zai fahimce su. Ta tsaya a gaban ogan ta daɗe.

"Allah ya ji ƙanka, Mijin Yaya. Ba wanda ya faɗa mini."

"Kwalliya ce na yi wa gidan."

"Jana'iza ka yi wa kanka, kuma ba ka gayyaci dangi ba." Ta ɗauki lemo ɗaya ta fara ɓarewa. "Wannan kam ba za ka ci ba ai."

Na ce bari in dafa shayi. Ta ce ba ta sha. Wannan ya ba ni mamaki, don ban taɓa ganin ta fara aiki ba shayi ba.

"Wancan karon na sha shayinka don ina so in san ka," ta ce. "Jeren zama ke nan. Sai na san yadda mutum ke tari kafin in sa masa kujera. Wannan jeren sayarwa ne, ba ruwana da kai. Mai saye ba gidanka ya zo gani ba, nasa yake nema. In ya shigo ya same ka a bango, ya same ka a taga, ya same ka a kan ogan da lemo, a ina zai ajiye kansa?"

"Ke fa kika yi duk wannan."

"Ni na yi, kuma ya yi kyau. Shi ya sa ba ya yi wa kowa sai kai. Matsa, kana tare mini bango."

'Yan dako suka zo. Littattafaina suka tafi sito a kwalaye. Ogan ta sauka hawa shida a kafaɗun mutum huɗu, tana nishi a kowace kwana, aka kai ta wata ƙaramar majami'a da ta ce tana so. Hotona Ah Bik da kanta ta naɗe shi a jarida. Mai fenti ya bi kore da fari. Da aka zo kan gado, kafinta ya fito da zarto, ni kuma na ga ya kamata in je in duba akwatin wasiƙu a ƙasa. Ina fita na ji Ah Bik tana gaya masa wani abu ƙasa ƙasa, abin da ba ɗabi'arta ba ne.

Da aka gama na shiga kamar baƙo. Gaskiya ita ce falon ya ninka. Kujerar tana da siraran ƙafafu, ana ganin ƙasa ta ƙarƙashinta. Teburin na gilashi ne. Madubi na fuskantar taga, tagar kuma ashe babba ce. An jera faranti biyu da kofuna biyu don wasu mutane da ba za su taɓa cin abinci ba. A kan kanta akwai littattafai uku masu kyawun bango. Na buɗe ɗaya, ba rubutu a ciki ko layi guda. Na haɗiye wannan. Na shiga ɗakin kwana, na ga gado da farin zani da matasai shida, ga fili a gefe har mutum ya yi tafiya. Idona na malamin lissafi bai yarda ba. Na ciro tef.

"Ah Bik, gadon nan ƙafa biyar ne da inci takwas."

"To?"

"Gadon kasuwa ƙafa shida ne. An rage inci huɗu." Na ɗaga zanin. Katifar iska ce a kan kiret ɗin roba. "Wannan ƙarya ce."

"Gadon ya yi maka magana?"

"Yana cewa ɗakin ya fi haka girma."

"Girman ɗakin na hannun Mista Lok, ko inci ban taɓa ba. Ni ƙasa nake nuna musu. Shekara talatin ba wanda ya ga ƙasan ɗakin nan sai kyankyasai."

Ta kafa mini dokoki. A gadon naɗi zan kwana, in naɗe shi da safe in tura bayan firji. Ba soya busasshen kifi. Buroshin haƙorina a jaka. In Mista Lok ya kira, in sauka shagon shayin da ke gindin bene in zauna har a gama.

Na bi duka, sai dai ba ta faɗi inda zan zauna a shagon ba. Na zaɓi teburin bakin ƙofa. Mutane suka fara zuwa kuma, domin hotunan sabon falon sun sa an manta da fatalwa. Nakan gan su sun sauko fuska a sake, suna nuna sama da yatsa. Sai in tashi in gyara kwat, in tare su da ladabi.

"Ku yi haƙuri. Ni ne mai gidan, ina nan da raina. Gadon da kuka gani gajere ne da inci huɗu."

Sukan yi godiya suna ja da baya. Ni kuma in koma in ƙarasa shayina da kwanciyar rai, ina jin da Fada Anselmo na nan da ya dafa kafaɗata. Haka na yi wa iyali uku.

Mai shagon shayin ce ta tsegunta wa Ah Bik. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Amma da ta zo ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi ba ni tsoro.

"Sa takalminka," ta ce. "Za mu gaida Yaya."

Ni kowace Lahadi nake zuwa, bayan an taso daga majami'a. Nakan sami Suk-han a zaune a teburin cin abinci, an taje mata kai, jikoki na kewaye da ita. Wannan karon tsakiyar mako ne da rana, kowa ya fita. Ah Bik ta buɗe da makullinta. Suk-han na kwance a kujerar falo, ta zaman mutum biyu, ƙafar da aka yi wa aiki ta wuce hannun kujerar an tokare ta da 'yar kujerar roba da matashi. Kayan sawarta na cikin jaka a ƙarƙashin talabijin. Buroshin haƙorinta ma a jaka yake, kamar nawa. Na san a falo take kwana, an faɗa mini. Ban dai taɓa tambayar a kan me ba.

"Baban Hoi-lam, lafiya da rana haka?" ta ce tana ƙoƙarin tashi.

"Kwanta, Yaya," in ji Ah Bik. "Mijinki ne ke da darasi. Faɗa mata batun inci huɗu."

Na faɗa. Na yi bayani mai tsari, na kawo ƙa'ida, na kawo misali. Suk-han ta saurara har ƙarshe, kamar yadda ta saba.

"Tef ɗin na aljihunka?" ta ce.

Yana aljihuna.

"Auna mini kujerar nan."

Kowane mai hankali zai gane ba awo ake nema ba. Ni na durƙusa na auna. "Ƙafa huɗu da inci bakwai."

"Ni kuma nawa ce?"

"Ƙafa huɗu da inci goma sha ɗaya."

"Saura nawa, Malam?"

"Inci huɗu." Ah Bik ta amsa mini daga kicin, tana bincike a firjin mutane.

"Wancan gadon ba mai kwana a kansa," in ji Suk-han. "Wannan ni ke kwana. Yaran nan suna da kirki, amma sai an kashe talabijin nake samun wurin miƙe ƙafa. Ban ce ka yi wa kowa ƙarya ba. Shayinka kawai nake so ka sha a zaune."

A jirgin ƙasa muna komawa Ah Bik na gefena, muka wuce tasha da yawa. Can ta zungure ni da gwiwar hannu.

"In sun tambaye ka, faɗa musu komai, har da famfon da ke kuka. In ba su tambaya ba, ka rufe baki. Ai haka limamanka suka koya maka. Sauran kai ka ƙara."

Na koma teburin can ciki, kusa da kicin, na juya wa ƙofa baya. Shan shayi a zaune ya fi duk jarrabawar da na taɓa yi wuya.

Waɗanda suka saya wasu sababbin aure ne, ma'aikaciyar jinya da mijinta mai gyaran lif, wanda ya ce ya gaji da ganin lif. Sun zo sau biyu, a na uku suka ce suna so su ga mai gidan. Ah Bik ta kawo su shagon ta zauna kusa da ni kamar mai gadi. Suka tambayi maƙwabta, na faɗa. Suka tambayi famfo, na faɗa har da kukan. Amaryar ta ce, "Kawu, in rana ta yi yamma, hasken nan na falo har ina yake kaiwa?" Wannan ban sani ba, domin littattafaina ne suka sha hasken shekara talatin. Na ce ban sani ba. Ba wanda ya ambaci gado. Na juya cokali a kofi, na goge tabarau, na sake gogewa.

Ah Bik ta yi ajiyar zuciya. "Don Allah ku tambaye shi batun gado, kafin ya fashe mana a nan."

Amaryar ta yi dariya. "Na kiret ɗin? Ai mun ɗaga zanin tun zuwan farko. Duk gidan da muka shiga haka ne, Kawu. Bango muka auna." Mijin ya ciro 'yar na'urar awo mai jan haske ya nuna mini. Ta fi tef ɗina daidai.

Da suka tafi na ce wa Ah Bik, in kowa ya sani, me ya kori iyali ukun nan?

"Ba gado ya kore su ba. Wani dogon tsoho ne da ke tare mutane a gindin bene yana rantsuwa yana da rai."

Gidan da muka saya yana Tseung Kwan O, hawa na goma sha tara, titi ɗaya tsakaninmu da Hoi-lam. Ranar da aka ba mu makulli Ah Bik ta riga mu zuwa. Muka same ta zaune a kan kwali, ta ce a dafa mata shayi.

"Yaya, yanzu ta wane gefe kike saukowa? Sandar a wane hannu? Kai kuma Mijin Yaya, sau nawa kake tashi fitsari?"

"Wannan ba tambayar da za a yi wa suruki ba ce."

"Ba ajinka muke ba."

Ta sa ƙarfen dafawa a banɗaki, ta sa kujerar Suk-han inda rana ke sauka da safe. Matsalar ɗakin kwana ce. In aka sa durowa, abin da ya rage ƙafa biyar ne da rabi. Na ce ba komai, na saba, zan sayi safa. Ah Bik ba ta ko dube ni ba. Bayan mako guda kafinta ya zo da katako, na gane shi tun daga ƙofa. Ashe abin da ta gaya masa ke nan ranar zarto, ya bi mahaɗa ya kwance, kada ya yanka. Ta sa ya huda ƙasan durowa, gadon ya shige ciki. Yanzu daga idon sawu zuwa ƙasa a cikin durowa nake kwana, ƙarƙashin rigunan sanyin Suk-han. Ɗumi ne da wurin. Suk-han na gefena, ƙafarta a miƙe.

Hoton kuwa ta ƙi dawo da shi. Ta ce yana sito a adane, za ta kawo ranar da ake bukata, tunda na riga na gwada kuma ya karɓe ni.

Kwanan baya na haɗu da amaryar nan a tashar jirgi. Ta gaishe ni, ta ce suna jin daɗin gidan, sai dai farin ya yi musu kama da wurin aikinta, sun sake fenti. Na tambayi launin. Ta ce kore. Ban jira na isa gida ba, a nan kan dandamali na kira Ah Bik.

"Sun shafa kore," na ce.

"Gidansu ne."

"Ke kika ce kore ba ya sayar da gida."

"Ba ya sayarwa. Zama ake yi a cikinsa. Ina kan tsani, Mijin Yaya, akwai wata magana?"

Babu. Na sayi lemo na kai wa Suk-han, ta ce in sa a firji, kada in jera.